Daga Port Gibson zuwa Bisije: Tarihin Misisifi a Gonakin Funtuwa da Malumfashi

Gabatarwa

A Funtuwa akwai unguwar da ake kira Bisije, kuma sunan ba baƙo ba ne a Malumfashi. Ba kowane matashin da ke tare ɗan acaɓa ya ce a kai shi can ya san cewa haruffa huɗu ne na Turanci, BCGA, harshen Bahaushe ya lanƙwasa ba. Sunan ƙungiyar da masu masaƙun Ingila suka kafa ne a Mancesta a 1902, domin neman auduga a ƙasashen da Birtaniya ta mallaka. Tsoro ne ya haifi ƙungiyar, tushen tsoron kuwa yana kudancin Amurka, musamman jihar Misisifi.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, manyan abubuwan da suka faru a Misisifi wani ɓangare ne na tarihin ƙasar Maska da ƙasar Galadiman Katsina, don haka manazarcin Hausa ba zai ɗauke su labarin nesa ba. Bayan haka, kwatanta wuraren biyu yana tona wani giɓi a fagen nazarin Hausa: rayuwar auduga, da kalmominta da waƙoƙinta da labaran mutanenta, tana salwanta tare da dattawan da suka yi ta, alhali sassan Hausa na jami'o'i sun fi kowa kayan aikin ceto ta.

Abin da ya faru a Misisifi

Misisifi ta zama jiha a 1817, shekarar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu. Tun 1793 aka ƙera injin gurzar auduga a Amurka, wanda ya sa raba angurya da auduga ya zama aikin sa'o'i maimakon na kwanaki. Daga nan buƙatar ƙasa da ta hannaye ta hauhawa. Ƙasar an karɓe ta daga 'yan asalin wurin. Yarjejeniyar 1830 ce ta share hanyar kwashe ƙabilar Choctaw zuwa yamma. Hannayen kuwa na bayi ne. Ƙidayar 1860 ta nuna bayi fiye da 436,000 a jihar, wato sama da rabin jama'arta, kuma a lokacin babu jihar da ta kai ta noman auduga.

Ɗaya daga cikin bayin da suka riga wannan ƙidaya ya cancanci manazarta Hausa su san shi. Abdurrahman Ibrahima Bafulatani ne daga gidan sarautar Timbo a Futa Jalo, mai karatun Larabci. An kama shi a yaƙi a 1788, aka sayar da shi a Natchez, ya shafe shekara arba'in a gonar Thomas Foster. Wasiƙar da ya rubuta da Larabci ce ta kai ga Sarkin Maroko, gwamnatin Amurka ta sa baki, aka 'yanta shi a 1828. Ya rasu a Laberiya a 1829 bai sake ganin Timbo ba. Mutum ne na zamanin masu jihadi, daga irin duniyar allo da tawada da ta samar da su.

A ranar 9 ga Janairu, 1861, Misisifi ta ɓalle daga tarayyar Amurka, ita ce ta biyu da ta yi haka, kuma takardar da ta bayyana dalilanta ba ta ɓoye cewa kare bauta ne manufa ba. Yaƙin basasa ya ɓarke, jiragen ruwan Arewa suka toshe tashoshin Kudu, birnin Vicksburg ya faɗi a ranar 4 ga Yuli, 1863. A can Lankasha, inda fiye da kashi uku cikin huɗu na audugar masaƙu ke zuwa daga kudancin Amurka, injuna suka tsaya, dubban ɗaruruwan ma'aikata suka koma dogaro da taimako. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shekara arba'in bayan haka, da wani ƙwaro mai huda 'ya'yan auduga ya tsallako daga Meziko a 1892 yana cin gonaki jiha bayan jiha, farashi kuma yana wasa a hannun 'yan kasuwa, sai masu masaƙun Mancesta suka tuna da waccan yunwar auduga. Nan BCGA ta samo asali.

Yadda irin ya iso ƙasar Katsina

Turawa sun sa ran Kano ce za ta maye gurbin Misisifi. Tun 1851 Heinrich Barth ya ga yadda saƙa da rini suka bunƙasa a birnin, kuma auduga tana cikin manyan hujjojin da aka kafa wajen shimfiɗa layin dogo daga Baro zuwa Kano, wanda ya iso a 1911. Amma lissafin ya ƙi. Kamar yadda Jan Hogendorn ya nuna a bincikensa, farashin da BCGA ta yanka, kimanin kobo ɗaya na wancan zamani a kan kowace laba, bai kai abin da masaƙan gida ke biya ba, gyaɗa kuma ta fi riba. Manomin Kano ya auna, ya zaɓi gyaɗa. Wannan ya sa hankali ya karkata zuwa Zazzau da kudancin Katsina, inda ƙasa ta fi nauyi, damina kuma ta fi tsawo.

Sauran matsalar ita ce iri. Audugar gida gajeren gashi gare ta, injunan Lankasha kuwa sun saba da ta Amurka. A 1912 Sashen Aikin Gona na Arewa ya shigo da wani iri mai dogon gashi daga Yuganda, sunansa Allen. Asalinsa daga wani manomi ne, J. B. Allen, na garin Port Gibson a Misisifi, kimanin kilomita 65 daga Natchez inda Abdurrahman ya yi bauta. Abin lura shi ne, a daidai wannan lokaci irin yana mutuwa a gidansa: ƙwaron nan ya shiga Misisifi a 1907, auduga mai dogon gashi kuma ba ta nuna da wuri, don haka ita ya fi yi wa ɓarna. Irin da ya rasa wurin zama a Port Gibson ya samu gida a Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Faskari.

Daga shekarun 1920 aka kafa masana'antar gaba ɗaya a kansa. Tashar binciken noma ta Samaru, wadda aka buɗe a 1922, ta riƙa tace irin. Gonar Daudawa ta riƙa yaɗa shi. Gidajen gurza suka tashi a Funtuwa da Malumfashi, layin dogo ya ratsa Funtuwa da Gusau har ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Hakimai da dagatai suka zama hanyar rabon angurya, malaman auduga suka tsaya a fuloti suna tantance lamba ɗaya da lamba biyu, doka ta hana shuka irin gida a yankunan da aka keɓe, ta kuma tilasta tuge karan auduga a ƙone bayan kaka. Daga Zariya irin Allen ya wuce Cadi da Kamaru. Funtuwa, wadda take ƙaramin wuri a ƙarƙashin Maska, ta cika da baƙi daga kowace kusurwa har ta shafe uwar ƙasar. A irin wannan gari mai kuɗin kaka da direbobi da dillalai ne Alhaji Mamman Shata ya yi zamansa mai tsawo.

Masu masaƙun Ingila ba su saki Misisifi ba duk da haka. A 1911 wata ƙungiyar masu kaɗin zare ta Mancesta ta sayi katafariyar gonar Delta and Pine Land a garin Scott. Ke nan kuɗin birni ɗaya ne ke juya ɗan noma-mu-raba a bakin kogin Misisifi da mai kai auduga fuloti a Malumfashi, a shekaru guda.

Kamanni da bambanci

Kwatanci yana buƙatar taka-tsantsan, kuma wurin da ya fi buƙatarsa shi ne batun bauta. Daular Sakkwato tana da rinji da gandu, kuma audugar da ta ciyar da masaƙan Kano da Zariya, wani kaso nata gumin bayi ne. Paul Lovejoy da Hogendorn sun bi diddigin yadda abin ya ƙare a littafinsu na 1993: shelar Lugard ta 1901 ta soke matsayin bawa a gaban kotu, ta 'yanta duk wanda aka haifa daga Afrilun wannan shekara, amma sai a 1936 aka haramta bauta kwata-kwata. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihinta a littafin da ya fito a 1954, ta ba da labarin rinjin gidansu ba tare da kwana-kwana ba.

Bambancin kuwa babba ne. A Misisifi an ɗaure bauta da launin fata, aka toshe ƙofar fita, bayan 1865 kuma aka sake gina shingen da wasu kayan. Tsohon bawa ya koma noma-mu-raba, yana karɓar abinci da iri bashi daga mai gona, kaka ta zo a yi lissafin da ba shi da ikon dubawa. Tsarin mulkin jihar na 1890 ya ƙwace masa ƙuri'a ta hanyar harajin kai da jarrabawar karatu. A ƙasar Hausa akwai murgu da fansar kai, akwai 'ya'yan ƙwarƙwara da suka hau gadon sarauta, akwai bayin sarki masu faɗa-a-ji. Mafi muhimmanci ga batun auduga, manomin kudancin Katsina na zamanin Turawa yawanci gonarsa yake nomawa. Matsin da ke kansa ya zo ne ta haraji, wanda dole a biya da kuɗin Bature, da farashin da wani ya yanka, da bashin da ya ci tun damina.

Duk da wannan bambanci, akwai abu ɗaya da ya haɗa su: mai tsintar auduga ba shi ne ke riƙe da sikeli ba. A Nijeriya hukumar cinikin auduga da aka kafa a 1949, da ta Jihar Arewa da ta gaje ta a 1954, sun riƙa sayen amfanin manomi ƙasa da farashin duniya, rarar ta tafi ayyukan gwamnati. An gina abubuwa masu amfani da wannan rara, amma ba manomin Dandume aka tambaya ba. A Misisifi, lokacin da Fannie Lou Hamer, 'yar noma-mu-raba daga gundumar Sunflower, ta je yin rajistar zaɓe a 1962, mai gonar ya kore ta daga gidan da ta shafe shekaru a ciki. A 1969 ta kafa gonar haɗin gwiwa ga talakawan yankinta, domin ta gane cewa mai yunwa ba ya iya riƙe ƙuri'arsa.

Ƙarshen zamanin ma ya zo wa kowannensu ta hanyarsa. A 1944, a gonar Hopson kusa da Clarksdale, aka noma auduga aka tsince ta da inji tun daga shuka har girbi, kuma cikin shekaru kaɗan ɗimbin iyalai suka yi ƙaura zuwa Cikago da sauran biranen Arewa. A Nijeriya masaƙar Kaduna ta buɗe a 1957, Bankin Duniya ya zaɓi Funtuwa cikin wurare uku na farko na shirin bunƙasa noma a tsakiyar shekarun 1970, Hukumar Auduga ta Ƙasa ta kafa hedikwatarta a garin a 1977. A 1986 aka rushe hukumar a ƙarƙashin tsarin gyaran tattalin arziki, ba tare da an tanadi mai kula da ingancin iri da tantance lamba ba. Masaƙun Kaduna suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, babbarsu, UNTL, ta tsaya a 2007. Manoma da yawa suka koma masara da waken suya. A 2018 Nijeriya ta amince da audugar da aka sauya wa ƙwayar halitta, fasahar kamfanin Monsanto, wanda tun 2007 ya saye Delta and Pine Land. Zaren da ya haɗa Misisifi da Funtuwa bai tsinke ba har yau.

Abin da can aka taskance, nan yake salwanta

A nan ne batun ya shafi manazarta Hausa kai-tsaye. Tsakanin 1936 da 1938, wani shirin gwamnatin Amurka ya tura marubuta suka yi hira da tsofaffin bayi fiye da 2,300, har da na Misisifi. Hirarrakin suna da naƙasu, domin yawancin masu tambayar Turawa ne, tsoho kuma ya san abin da ba a faɗa wa Bature. Amma da an jira a sami hanya mafi tsabta, da ba a tarar da kowa da rai ba. A 1941 da 1942 Jami'ar Fisk da Laburaren Majalisar Amurka suka shiga gundumar Coahoma da na'urar ɗaukar murya, suka naɗi waƙoƙin gona da na coci da na shaƙatawa. A nan ne aka fara ɗaukar muryar Muddy Waters, yana direban tarakta a gonar auduga. Masana kiɗa da harshe da zamantakewa ne suka yi wannan aiki, kuma a kansa masana tarihi suka dogara daga baya.

A Arewa an yi makamancin wannan yunƙuri a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello suka yi hira da dattawa a Kano da Zazzau kan rinji da fatauci. Waɗannan dattawa sun tafi. Yanzu layin ya zo kan wani rukuni: mutumin da yake da shekara talatin lokacin da aka rushe hukumar auduga a 1986, yau ya kai saba'in ko ya doshe ta. Wanda ya yi aiki a fuloti a zamanin En'e ya haura tamanin. Rashin tsaro a Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara ya tarwatsa ƙauyuka, ya raba tsofaffi da wuraren da ke tuna musu da labari.

Abin da ke tafiya da su ya fi ƙarfin fayilolin Gidan Adana Tarihi na Kaduna. Fayil zai faɗi tan nawa aka saya a Malumfashi a shekara kaza. Ba zai faɗi yadda ake ruɗin sikeli ba, ko sunan da manoma suka laƙaba wa malamin auduga mai tsanani, ko habaicin da mata ke yi idan maigida ya dawo daga fuloti hannu rabbana. Ba zai faɗi abin da ya sami matar kulle ba, wadda gurza da shiɓa da kaɗi suke hanyar samun kuɗinta na kanta, ranar da audugar ta koma jirgin ƙasa, zaren kanti kuma ya cika kasuwa. Kalmomi irin su magurji da bakan shiɓa da sutu da mazari da abawa da ƙoshiya suna nan a ƙamusun Bargery na 1934, amma ɗalibin digirin farko a yau sau da yawa bai taɓa ganin abin da suke nufi ba. Ana rubuta kundaye a kan sana'o'in gargajiya, sai dai galibinsu jerin kayan aiki ne da ma'anoninsu, ba tare da tambayar wa ya ci riba, wa ya yi asara, kuma yaushe ba.

Sukar da za a iya yi

Wani zai ce wannan aikin sashen Tarihi ne ko na Tsangayar Aikin Gona. Amsar ita ce, kayan da ake magana a kai harshe ne: karin magana, kirarin manoma, kiɗan gayya, zambo, kalmomin aro da yadda aka hausantar da su. Masanin tattalin arziki zai ji tsohuwa ta ce kaɗa a maimakon auduga ya wuce, masanin karin harshe kuwa zai tsaya ya tambayi daga ina iyayenta suka taso. Haɗin gwiwa ya zama dole, amma kunnen da aka horar a sashen Hausa ba shi da madadi.

Wani kuma zai ce kawo Misisifi cikin zancen zai sa a auna tarihin ƙasar Hausa da mudun wasu, har a shafa wa magabata baƙin fentin da ba nasu ba. Wannan damuwa tana da tushe, domin an sha yin irin wannan gaggawar. Sai dai maganinta shi ne a yi kwatancin da kyau, a fito da bambanci kamar yadda aka fito da kamanni. Shiru ba ya kare kowa. Yana barin fagen ne ga wanda bai ji Hausa ba ya rubuta yadda ya ga dama. Misisifi kanta misali ce ta tsadar jinkiri: sai a 1995 majalisarta ta amince da gyaran tsarin mulkin da ya haramta bauta tun 1865, takardar kuma ba ta isa inda ya kamata ba sai 2013.

Suka ta uku ta fi nauyi. Zuriyar mutanen rinji suna raye, wasu sun yi arziki da sarauta, kuma tono asali na iya ɓata aure ko zumunci. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa aikin yake buƙatar ƙa'ida: izinin mai magana, ɓoye suna idan ya nema, da ajiye wasu hirarraki har zuwa wani wa'adi. Mai bincike ɗan ƙasa, wanda ya san kunya da kara, ya fi kowa sanin inda zai tsaya.

Kammalawa

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin jami'o'in yankin ba. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma da Jami'ar Ahmadu Bello duk suna da ɗalibai 'yan Funtuwa da Malumfashi da Bakori, kowannensu da wayar da ke ɗaukar murya. Sassan Hausa za su iya ware kundayen shekara biyu ko uku ga jigo ɗaya, a raba garuruwa, a tsara tambayoyi tare da masana tarihi da na Samaru, a nemi tsofaffin ma'aikatan gidan gurza da 'yan baranda da masaƙa da mata makaɗiya zare. A rubuta hirarrakin da karin harshen mai magana ba tare da an daidaita shi ba, a ajiye kwafi a Gidan Arewa da ke Kaduna da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero. Daga wannan taska ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin auduga zai fito, da tarin adabin baka, da babi na tarihin mata da har yanzu ba a rubuta ba.

Amfanin bai tsaya a aji ba. Duk gwamnatin da ta zo takan yi alkawarin farfaɗo da auduga da masaƙu, kuma takan yi shi ne da hoton zamanin da fuloti ke cika da fararen tsibi. Manoman da suka rayu a wannan zamani sun san abin da ya yi daɗi a cikinsa, kamar iri mai kyau a kan lokaci da tabbacin mai saye, sun kuma san abin da ya yi ɗaci. Idan aka naɗi shaidarsu, mai tsara manufa zai sami abin dubawa kafin ya maimaita kuskuren 1912 ko na 1986. Daminar bana ma za ta ɗauke wasu daga cikin waɗannan dattawa, don haka kundayen zangon karatu mai zuwa ne wurin farawa.